Kullen Direba

Shekara goma sha tara ina taka kwalta,
Aliero zuwa Ikko, albasa buhu ɗari biyu a bayana.
Na san kowane rami tsakanin Jega da Koko,
na san kwanar da ake rage wuta kafin Yawuri,
da mai shayin da ke ba da bashi a Kwantagora.
Amma ran da rediyo ya ce kowa ya zauna gida
sai ga ni tsaye a ɗakin girki,
ban san inda gishiri yake kwana ba.

"Mi kake biɗa?" in ji Kulu.
Na ce ba komai.
Ta ce, "Sannu da shiga kulle, Malam Nafi'u.
Kwana uku kacal,
har ka fara zagaye turke kamar ɗan akuya?"

Motar tana gindin dogon yaro, lulluɓe da tamfol,
kaji sun mai da ƙarƙashinta majalisa.
Kullum da hantsi nakan tashe ta minti biyar,
wai don kada batir ya mutu.
Muryarta nake marmari.

Albasar da ba ta tafi ba ta gaji da jira,
ta huda buhu, ta zaro koren harshe tana mini gwalo.
Mun ci ta a miya, mun ci ta a kwaɗo,
mun miƙa wa maƙwabta ta saman katanga.
Kwanon ya dawo da daddawa a ciki,
ba mu ga fuskar juna ba.

Mu'azu ya kafa shinge a bakin zaure,
buta ɗaya, guntun sabulu ɗaya.
Ni da na saba miƙa hamsin ta taga in wuce,
nan ba a karɓar na goro.
"Baba, bayan hannun. Sake."

Ran Juma'a lasifika ta yi kira, ta ce a yi a gida.
Na shimfiɗa tabarma, na shige gaba,
sahu ɗaya da rabi a bayana.
A raka'a ta biyu aya ta ƙwace mini,
sai wata siririyar murya ta ɗora ni a hanya.
Shafa'atu ce.
Yaushe ta wuce ni?
Albasa ba ta yi halin ruwa ba,
kuma karon farko na ji daɗin karin maganar.

Da can ina zaton in na fita
gidan nan kashe shi ake yi kamar inji,
sai na dawo a murza makulli.
Ashe guga sau talatin take sauka rijiya kafin azahar.
Na karɓa na ja goma sha ɗaya,
tafin da ya riƙe sitiyari har bakin teku ya yi bororo.
Kulu ba ta yi dariya ba.
Ta juya baya tukuna.

Da dare ne abin ke nauyi.
Wani ya yi tari a ɗakin yara,
in tashi zaune, in ƙirga.
Ɗaya. Biyu. Shiru.
Inna tana Jiga, tafiyar da ba ta kai a sa giya ta huɗu ba,
amma sai ta waya nake durƙusa mata.
Ta ce, "Zauna inda kake, ɗan nan,
gaisuwa ba ta ruɓewa."

Jiya Cindo, yaron motata, ya bugo,
wai ana raɗe-raɗin buɗe hanya ran Litinin.
Na ce madalla.
Na duba taya, na duba mai.

Sai dai haƙorin Mu'azu na gaba yana girgiɗi,
ya ce ni zan cire masa,
ni zan tsare masa giɓin kada ƙadangare ya gani.
Na taɓa shi da yatsa yau da safe.
Bai nuna ba.
Zai kai Laraba.